Kwamfutar da Ba a Kashewa

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, kuma teku ba ta jijjiga ku da yawa. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Ƙafar Baba ta yi sauƙi, har ya ajiye sanda ya koma zagayen gona da faɗan nan da ka sani. Gwaggo ta zo mana wuni, ta ce in gaya maka tunda jirginku ya tashi ba ta ji muryar ɗanta ba. Na yi mata bayani cewa a tsakiyar ruwa babu waya, sai saƙon rubutu da ake tara muku a tura in an samu hanya. Ta ce ita dai a iya saninta mutum ta haifa, ba kifi ba.

Yaya, matsala ce ta taso a gidan ƙyanƙyasa, kuma ban ga wanda zan kai wa ba sai kai. Duk da sai an bi ta kan kakanni kafin a gano inda danginmu suka haɗu, a gidan nan ka tashi, kuma kai da marigayi yayana kuka haɗa kwamfutar ofis da hannunku.

Baba ya sayo sabon injin ƙyanƙyasa, ƙato, har sai da aka cire ƙyauren ɗaki kafin ya shiga. Ɗan kamfanin da ya kawo shi ya duba kwamfutar ya ce manhajar injin ba za ta hau ba. Wai furosesar, wato ɓangaren da ke mata lissafi, tana iya ɗaukar tsarin bit sittin da huɗu, amma babbar manhajar da kuka ɗora mata ta talatin da biyu ce. Na ce a sayo wata kwamfutar daban mana. Ya ce fankokin iska na ginin duka a kan wannan suke, ba za a yi masu ba da umarni biyu ba. Maganinsa ɗaya ne, a goge komai a ɗora sabuwa.

Ka san abin da ke cikinta. Shirin da marigayi ya rubuta, mai kula da zafi da danshi da juya ƙwai a ɗakunan nan uku. Asalin rubutunsa yana cikin ƙaramar kwamfutarsa da ta wargaje a hatsarin da ya yi ajalinsa. Har yau kullum da safe Baba sai ya tsaya gaban allon ya karanta gaisuwar da marigayi ya sa a ciki: "Barka da asuba, tsoho, 'ya'yanka suna nan kalau." Da ɗan kamfanin ya ce a goge, sai Baba ya miƙe. Hannunsa kawai ya kama, ya raka shi har bakin ƙofa.

Akwai hanyar da za a sauya tsarin ba tare da an goge ba? An riga an yi alkawarin ƙwai na sabon injin, suna hanya.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Na ji daɗin labarin ƙafar Baba, ki gaishe shi sosai. Ki ce wa tsohuwata kifinta yana nan da rai, har ya yi ƙiba. Ni lafiya ta lau, sai dai janaretocin jirgin nan da ba sa barin mutum ya zauna.

Hanya akwai, amma ba na son ta. Sauya tsarin babbar manhaja tana kan aiki kamar sauya ginshiƙan gida ne mutane suna ciki. Da son samu ne, a jira lokacin da ɗakunan suke babu ƙwai. Na san za ki ce ba a taɓa yin irin wannan rana a gidan nan ba, shi ya sa zan faɗa miki yadda ake yi. Umarnin da za ki buga na jero su a takardar da na liƙa, ki bi su ɗaya bayan ɗaya.

Kafin komai, ki kwafe faifan ajiyar gaba ɗayansa a wani faifan. Gaba ɗaya na ce. Daga nan sai ki sanar da babbar manhajar cewa ta fara karɓar ƙunshin sittin da huɗu tare da nata. Duk wani abu da ke cikinta a ƙunshi yake zuwa, kowanne da aikinsa. Sai ki ɗora sabuwar zuciya, wato ɓangaren da ke magana da furosesa kai tsaye, ki kashe ki kunna. Wannan 'yan mintuna ne, ƙwai ba za su ji ba. In ta tashi da sabuwar zuciya, tsofaffin shirye-shirye za su ci gaba da aiki, har da na marigayi.

Wurin da ya fi haɗari shi ne sauya mai ɗora ƙunshin kansa, domin shi ne zai cire kansa ya mayar da sabo. A wannan gaɓar ko tari ba na son wuta ta yi. In kin tsallake, sauran sai ki riƙa sauya su kaɗan-kaɗan, kina karanta abin da ta ce za ta cire kafin ki amince. Tana da ciwon kai a nan, sai ta ce za ta gyara abu ɗaya ta kwashe goma.

Daga ƙarshe za ki ga ƙunshin talatin da biyu sun rage birjik, jeri mai tsawo. Kada ki bar tsofaffin nan

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Kowa lafiya. Baba yana amsawa, Gwaggo kuma ta ce ƙibar da ba ta gani da idonta ba labari ce. Saƙonka ya zo ba sallama ba sa hannu, na ce lallai janareta ne ya yi kira ka tashi da gudu.

Albishirinka, an gama.

Abu ɗaya ne ban yi yadda ka ce ba. Na tambayi ɗan kamfanin, ya ce kwafe faifan gaba ɗaya sai an kashe kwamfutar rabin yini. Ɗaki na ɗaya ƙwansa sun kusa fashewa, ba zan iya ba. Sai na kwafe jakar shirin marigayi a filashi biyu, ɗaya a wurina, ɗaya a aljihun tebur ɗin Baba.

Sauran kuwa na bi sawu da ƙafa. Lokacin da na kashe don sabuwar zuciya, ma'aikacinmu mai kula da ɗakuna yana tsaye a kaina yana ta salati kamar tiyata ake yi. Ta tashi lafiya, injinan suka ci gaba da juyi. Wurin da ka tsoratar da ni ma na wuce lafiya.

Tsofaffin da ka ce kada in bari su ne suka so ba ni wuya. Da na ce ta cire su duka, sai ta ƙi. Ta rubuto cewa abin da zan yi yana iya lalata tsarin, in da gaske nake in rubuta mata cikakkiyar jimla cewa na amince. Na ɗan tsaya. Na sake karanta saƙonka, na ga ƙarara ka ce kada in bar su, sai na rubuta mata. Sunaye suka yi ta gudu a allon kamar ba za su ƙare ba.

Yanzu manhajar sabon injin ta hau, an zuba masa ƙwai. Baba har da yi wa ɗan kamfanin murmushi.

Sai wani ɗan abu da ban gane ba. Na so in buɗe shirin marigayi a taga ta biyu in nuna wa ɗan kamfanin yadda yake. Sai ta ce wai babu wannan fayil ɗin. Ga shi kuwa ina kallonsa a jakarsa, da sunansa da girmansa. Na sake, ta sake cewa babu. Amma wanda ke buɗe tun farko yana aikinsa, zafi daidai, danshi daidai. Ina jin ba wani abu ba ne, ko?

Auta

*

su dame ki. Ki ƙyale su yadda suke, ko ɗaya kada ki taɓa. Shirin marigayi ɗan talatin da biyu ne, a kansu yake tsaye. Wasu ma ba a samun su ko'ina, shi ya haɗa su da kansa ya ƙunshe, ina zaune kusa da shi. In na dawo sai mu zauna mu tantance na cirewa da na bari. Zamansu ba ya hana komai, wuri kawai suke ci.

Ki kula da kanki, kada ki yi aikin nan da yunwa. Ki gaida mutanen gona.

Ɗan'uwanki

*

Yaya,

Sallama. Lafiyar jiki dai muna da ita.

Yau da hantsi sauran saƙonka ya shigo, shi kaɗai, ba kai ba gindi. Sai da na ɗauko na farkon na jera su sannan na gane. Na'urar jirginku ta raba shi biyu, ta turo rabi, ta riƙe rabi fiye da mako. Yaya, na cire su. Duka na cire. Na zauna a kujerar ofis ban san tsawon lokacin da na yi ba, har mai kula da ɗakuna ya leƙo ya ce ko ya kira Baba.

Ba na son Baba ya ji a bakin wani, don haka na same shi a gindin tankin ruwa na faɗa masa. Na ce saƙo ne ya yanke, ni kuma na yi gaggawa. Sai ya ce, "Shi ya rubuta kada ki bari, ko ba shi ya rubuta ba?"

Na ce, "Baba, shi ya rubuta, amma maganar ba a nan ta ƙare ba."

Ya ce, "To."

Ka san wannan "to" ɗin.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne komai yana tafiya. Ƙwai na juyawa a kan lokaci. Ɗaki na ɗaya ya ƙyanƙyashe lafiya, an kwashe 'yan tsaki an zuba sababbin ƙwai. In abin da shirin yake tsaye a kai ya tafi, a kan me yake tsaye yanzu? Na hana kowa shiga ofis. Mai shara ma na karɓe mata tsintsiya, kada ta ja waya. Ina wucewa ta ƙofar sai in ji ina taka ƙasa a hankali.

Ka amsa min da zarar ka gani, don girman Allah.

Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Saƙonninki biyu tare suka iso. Na karanta na farkon ina dariya, ban kai ƙarshensa ba dariyar ta tsaya. Ni lafiya. Ki natsu ki karanta, na gajarta don kada a sake yanka shi.

Kada a kashe kwamfutar nan, ko da wasa. Shirin yana raye ne saboda tun da ya tashi ya kwashi abin da yake buƙata ya riƙe a ƙwaƙwalwar aiki. A faifai an share su, amma yana riƙe da su a hannu. Wuta na ɗaukewa za su zube. Shi ya sa ta ce miki babu fayil: ba shirin ta rasa ba, abin da zai tada shi ta rasa.

Muddin yana raye, ana iya zaro su daga hannunsa. Umarnin yana cikin takardar da na liƙa. Ki kwafe su a filashi, ba a faifan ba. Kada ki ƙara ɗora komai a faifan.

Abu ɗaya ke hana ni sukuni. Akwai wani ɗan ƙaramin shiri da marigayi ya yi, mai tada akwatin da ke haɗa kwamfutar da tsofaffin injinan. Sau ɗaya yake aiki in an kunna, ya gama ya rufe. Yana cikin waɗanda aka share, kuma ba ya cikin ƙwaƙwalwa, don haka ba za ki same shi a can ba. Wataƙila in na zo da kayan aiki in tono shi daga faifan, in manhajar sabon injin ba ta hau kansa ba.

Na nemi izinin sauka a tashar da za mu tsaya nan gaba. Ki ce wa Baba na ji, kuma ba na musu. Ni na ce akwai hanya.

Ɗan'uwanki

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, sai Baba da ya rage cin abinci. Ya ce zafi ne.

Na zaro su kamar yadda ka ce, suna cikin filashi, na kuma mayar da su wurarensu. Na san ka ce kada in ɗora komai, amma na ga gara suna nan in wani abu ya faru. Yanzu taga ta biyu tana buɗewa. Ɗan ƙaramin shirin kuwa na bincika ko'ina, babu.

Ga sabuwa. Masu wuta sun bi layinmu suna sanarwa cewa za su sauya turaku a farkon mako mai zuwa, za a ɗauke wuta tun safe har yamma. Janareta lafiyarsa lau, an yi masa sabis. Amma ka san in za a juya daga wutar gari zuwa janareta akwai ɗan ƙiftawar nan, kuma akwatin batirin da ke ƙarƙashin tebur shi ke riƙe kwamfutar a tsakani. Na durƙusa na duba shi. Gefensa ya kumbura, yana wani wari kamar ƙwan da ya lalace. Mai gyaran wuta ya ce irin wannan ba a sauya masa batir sai an zare shi, in an zare shi kuma kwamfutar ta mutu. Na ce a gwada ko zai riƙe. Ya ce gwajin shi ne abin da kike tsoro.

Na je ofishin masu wuta na roƙa a ɗaga mana. Mutumin ya saurare ni da mutunci, ya ce turakun sun ruɓe, ɗaya ya kusa faɗa wa makaranta. Me zan ce masa?

Yau kwana nawa ba amsa. Na san ba laifinka ba ne, amma ina buɗe akwatin saƙo har yatsana ya gaji. In akwai dabara, yanzu ne lokacinta.

Auta

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya. Mu ma da sauƙi. Gwaggo bayanta ya riƙe, amma tana samun sauƙi.

Ranar ta zo. Tun da sassafe muka taru, ni da Baba da mai kula da ɗakuna da mai gyaran wuta. Muka tada janareta tun kafin masu wuta su iso, don mu juya da hannunmu. Mai gyaran ya kama sandar juyin ya dube ni, na ce bismillah. Ya ja. Batirin ya yi ƙara sau ɗaya, allon ya yi baƙi.

Ta tashi, Yaya. Sabon tsarin ya tashi tsaf, shirin marigayi ma ya buɗe. Amma inda lambobin zafi suke fitowa babu komai sai layi-layi. Daga cikin ɗakunan muka ji injinan juyi sun tsaya. Ban taɓa jin ginin nan shiru haka ba.

Muka koma aikin hannu. Ka san tsofaffin injinan suna da makunnin zafi na hannu, amma ba su san inda za su tsaya ba, sai mutum ya tsaya da ma'auni yana kunnawa yana kashewa. Maƙwabta suka shigo. Gwaggo ta ji labari ta zo ta ɗaura ɗamara, ta yini tana juya tire da mu, a nan ta samu ciwon bayan. Abin da sabon injin zai iya ɗauka muka kwashe muka zuba masa. Shi kam ko a jikinsa.

Ɗaki na ɗaya da na uku mun tsirar da mafi yawansu. Na biyu ne. Ƙwansa saura kaɗan su fashe, in ka kara kunne kana jin 'yan tsakin suna kuka a ciki. Wanda aka sa a wurin ya fita taya ɗaukar tire, ya bar makunnin a kunne, ni kuma ina ofis ina ta buga umarnin da ba su da amfani. Da na shiga, zafin ne ya fara dukan fuskata. Na kara kunne a tire na sama, na kara a na ƙasa. Mai kula da ɗakuna ya ce, "Auta, fito."

Washegari aka haƙa rami a bayan gona. Baba da kansa ya tura baro, ya hana kowa karɓa.

Amsarka ta shigo bayan an rufe ramin. Na ga dabarar da ka kawo, ta haɗa wani batir a gefe kafin a taɓa na farkon. Mai gyaran wuta ya karanta ya ce da ta yi. Ban ɓoye wa Baba ba, na ba shi ya karanta. Na sake jera masa rabin saƙon nan biyu, na nuna masa inda aka yanke, na ce ni na rubuta wa kwamfutar cewa na amince, ba kai ba. Ya ninke takardun ya miƙo min.

Ɗan kamfanin ya ce zai iya sa wa tsofaffin injinan akwatin haɗi irin nasu, su koma ƙarƙashin manhajarsu. Baba ya ce a yi, amma faifan a cire a ba shi. An saka sabo a madadinsa. Tsohon yana ɗakin Baba, a naɗe cikin mayafin marigayiya Inna. Bai ƙara shiga ofis ba.

Gwaggo ta je yi masa jaje. Ya amsa gaisuwarta, ya tambayi bayanta, ya sa aka mayar da ita gida a mota. Sunanka bai fito a bakinsa ba, ita ma ba ta kawo ba. Da ta fito ta riƙe hannuna a bakin ƙofa, sannan ta shiga mota.

Ɗazu da la'asar ya kira ni. Ya tambayi ranar da jirginku zai tsaya, na ce ban sani ba tukuna. Ya ce in gaya maka in ka sauka kada ka biya ta ko'ina, ko gidan Gwaggo, ka zo wurinsa kai tsaye, kai kaɗai. Na ce ko ka taho da kayan aikin tono faifan. Ya ce shi bai ce ka taho da komai ba.

Na tsaya ko zai ƙara wani abu. Ya ce in ja masa ƙofa.

Ƙanwarka,
Auta